Bargon ƙyalle

Bargon ƙyalle bargo ne da ake ɗinkawa da guntayen yadi, wato ƙyallayen da kan rage bayan tela ya yanka riga ko wando ko zane, ko kuma tsofaffin tufafin da suka koɗe amma jikinsu bai mutu ba. Ana haɗa guntayen su zama falle ɗaya, a shimfiɗa wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa, a sa shafi, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada na tsakiyan ya tattare wuri guda. Iskar da ke maƙalewa tsakanin falle ukun nan ita ke riƙe ɗumin jiki, shi ya sa bargon da aka yi da yadi marar kauri kan fi zane mai nauyi falle ɗaya maganin sanyi. Idan da hannu ne aikin kan ɗauki makonni, amma da keken ɗinki mutum ɗaya zai iya gama bargon gado a yini ɗaya ko biyu, muddin ya zaɓi fasali mai sauƙi.

A Kano an fi bukatar irin wannan bargo a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, musamman Disamba da Janairu da sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Selshiyos. Kayan aikinsa kuwa suna zube a ƙasan teburin kowane tela a Fagge da Sabon Gari.

Asali a ƙasar Hausa

Fasahohi biyun da suka haɗu suka ba da bargon ƙyalle, wato jera guntaye da kuma danne auduga tsakanin yadi biyu, duk tsofaffi ne a ƙasar Hausa. Masaƙar gargajiya ta maza ba ta fitar da yadi mai faɗi. Ƙwarya take fitarwa, doguwa siririya, sai an jera ƙore da yawa an ɗinke su gefe da gefe kafin a sami zane ko riga. Da haka ake yin gwado da luru, waɗanda su ne bargunan Hausawa kafin zuwan na kanti, haka kuma turkudin Kura da Buzaye ke saye, wanda ƙwaryarsa ta fi ta kowane saƙi siranta. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa yadin da ake saƙawa a rina a Kano yana kaiwa har Ghat da Murzuk da Tarabulus, da kuma Timbuktu ta yamma. Duk wannan yadi a jere yake, ƙwarya bayan ƙwarya.

Ɗinkin danne auduga kuwa ya fi shahara a lifidi, rigar yaƙin da ake sa wa doki da mahayinsa. Ana cusa auduga ko audugar rimi tsakanin yadi biyu, a bi da ɗinki kusa da kusa har ya yi tauri yadda kibiya ba za ta huda shi cikin sauƙi ba, kuma sau da yawa fuskarsa guntayen yadi ne masu launi dabam-dabam. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarkin Kano Kanajeji (1390 zuwa 1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Har yau 'yan lifida na fitowa a hawan Sallah, kuma duk wanda ya dubi kayan dokinsu da kyau zai ga tsarin nan na falle uku da ake yin bargo da shi.

Abin da ya sauya a ƙarni na 20 shi ne keken ɗinki da yadin kamfani. Elias Howe ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1846, Isaac Singer ya yi tasa a 1851, kuma kamfanin Singer ne ya bazu da keken a duniya. Yadin kamfani yana da faɗi, yankan zamani kuma yana bin siffar jiki, ana fitar da wuya da hammata da hantsar wando. Daga nan ne ƙyalle ya yawaita. A da, da ake lissafa ƙore kafin a ɗinka riga, abin da ake zubarwa kaɗan ne ƙwarai.

Fagge da Sabon Gari

Fagge tana wajen ganuwar birnin Kano, kuma tun asali zango ce da ayarin fatake masu ƙetaro Sahara ke sauka. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, yankin ya zama cibiyar ciniki. An kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudancin Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. 'Yan kasuwar Lebanon da Siriya suka buɗe kantunan yadi a wurin da ya zama Kantin Kwari, wadda a yau ake lissafawa cikin manyan kasuwannin yadi na Afirka ta Yamma. Duka wuraren nan suna cikin Ƙaramar Hukumar Fagge.

Kusancin Kwari ne ya tara teloli a Fagge. Mai saye kan yanki shadda ko yadi a kasuwa, ya taka da ƙafa ya kai ɗinki, kuma cikin masu kawo aikin har da baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru. Galibin aikin Fagge kayan maza ne, kaftani da babbar riga da jamfa, saboda haka ƙyallenta shadda ne da yadi marasa zane, farare da shuɗaye da ruwan toka da ruwan ƙasa. A shagunan ɗinkin mata, waɗanda suke da yawa a Sabon Gari da cikin gidaje, atamfa da leshi sun fi yawa. Mai haɗa bargo yana bukatar duka biyun, domin atamfa zalla kan cika ido, sai an raba ta da yadi marar zane sannan adonta ke fitowa. Zare da allura da kayan gyaran keke ana samunsu a kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983.

Ƙyalle ya fi taruwa a watan azumi da makonnin da ke gaban Babbar Sallah, lokacin da teloli ke kwana a kan keke. Wani akan cusa shi a matashin kai, wani masu gyaran mota su karɓa don goge hannu, wani a yi wa yara 'yan riguna. Mai yawa kuwa shara yake tafiya, ko a ƙone shi, ko ya faɗa kwata ya haɗu da leda ya toshe hanyar ruwa da damina.

Akwai wata magana da ke tasowa kullum a kan ragowar yadi: na wane ne? Yadin da aka kawo ɗinki amana ne a hannun tela, kuma malamai kan ja kunnen teloli a kan riƙe ragowar da mai kaya bai yafe ba. A al'ada ba wanda ke tambayar guntun da bai kai tafin hannu ba, amma abin da zai iya fitar da hula ko aljihu ko rigar yaro na mai kaya ne sai in ya ce ya bari. Mai sayen ƙyalle a buhu ya kamata ya san wannan, tunda manyan guntayen da suka fi daɗin aiki su ne waɗanda shakka ta fi yawa a kansu.

Zaɓen ƙyalle

Yawancin bargunan da ke lalacewa tun wankin farko, a wurin zaɓen ƙyalle aka yi kuskuren. Buhun da aka kwaso daga shago yana ɗauke da auduga zalla, da roba, da gaurayen biyun, kuma ba sa shan ruwa iri ɗaya. Auduga kan ɗan tsuke bayan wanki, roba ba ta tsukewa, don haka idan aka jera su ba tare da an wanke ba bargon zai fito a tattare. Hanyar gane su mai sauƙi ce. A yanki ɗan guntu a kusanta shi da ashana: auduga za ta ci da wari irin na takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa za ta narke ta dunƙule ta yi tauri. Atamfa mai arha da yawa da ke kasuwa yanzu roba ce, ko da zanenta ya yi kama da na mai tsada.

Abu na biyu shi ne zuba. Shadda rinanniya irin galila, da yadin da aka rina da baba kamar na marinar Ƙofar Mata, da wasu jajayen atamfofi, sukan zuba a wankin farko da na biyu. Guntu ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata farin bargo gaba ɗaya. Shi ya sa ake jiƙa masu duhu dabam a bokiti, a yi ta sauya ruwa har sai ya fito fes, wanda ya ƙi dainawa kuma a ajiye shi gefe. Bayan sun bushe a goge su. Guga a nan wajibi ce, domin ƙyallen da ya yamutse ba ya yankuwa daidai.

Leshi da duk yadi mai duwatsu ko raga ba su dace ba, suna kartar jiki kuma suna karya allura. Yadi mai talewa irin na singileti shi ma yana ba da wahala. Sai kuma guntayen da aka fitar daga wuya da hammata, waɗanda yankansu ya bi karkace maimakon bin zaren saƙar. Irin waɗannan suna miƙewa idan aka ja su, kuma su ne ke sa layin ɗinki ya yi tozo. Ba a zubar da su, akwai hanyar da ta dace da su, an yi bayaninta a ƙasa.

Abin da ake sawa a tsakiya

Mafi sauƙi shi ne tsohon bargo da ya sirance, ko zanen gado mai gashi-gashi, ko tsofaffin zannuwa biyu a ninke. Tunda saƙaƙƙu ne ba sa tattarewa, kuma ba sa bukatar ɗinki mai yawa. Na biyu shi ne faiba, wato audugar roba da ake sayarwa a naɗe ana aunawa da yadi. Ba ta da nauyi, tana saurin bushewa, amma mai kaurin tana wahalar shiga ƙarƙashin allurar ƙaramin keke.

Audugar gona da aka gurje aka shiɓe tana da ɗumi da daɗin jiki, sai dai tana bukatar layukan ɗinki kusa da kusa, tazarar da ba ta wuce inci biyu zuwa uku ba, in ba haka ba za ta dunƙule a wanki. Audugar rimi ta fi dacewa da matashi, domin zarenta gajere ne mai santsi, yana gudu ya taru a kusurwa, kuma tana kama wuta nan take. Soso siriri da wasu ke sawa don bargon ya yi kumari a ido shi ne mafi muni a cikinsu: ba ya barin gumi ya fita, kuma bayan 'yan shekaru yakan rududduge ya koma gari a cikin shafin.

Hanyoyin haɗa fuskar bargo

Saurin aikin ya dogara ne da yawan yanka da yawan tsayawar keke. Duk fasalin da ke da kusurwa uku ko lanƙwasa yana cin lokaci. Hanyoyi ukun da ke biye duk miƙaƙƙen ɗinki ne, wanda ko ɗan koyo zai iya.

Hanya ta farko ita ce ta gidaje. Ana yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci shida da rabi kowane gefe, a riƙa ɗora shi a kan ƙyalle ana zanawa da alli ana yankawa. Ɗinki yana cin kwatan inci a kowane gefe, saboda haka kowane gida zai koma inci shida cif. Bargon mutum ɗaya mai faɗin inci 60 da tsawon inci 78 yana cin gida goma a faɗi, sha uku a tsawo, jimla 130. Na yaro mai inci 36 da 42 yana cin 42 kacal. Ana ɗinka gidajen bibbiyu a jere ba tare da yanke zare ba, su fito kamar tutocin biki, sannan a raba su a haɗa biyu da biyu su zama huɗu, har layi ya cika. Wurin da ake samun matsala shi ne faɗin ɗinkin. Idan kowane ɗinki ya kauce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, layi mai gida goma yana da ɗinki tara, ke nan zai fi ɗan'uwansa tsawo ko gajarta da fiye da inci guda, kuma kusurwoyi ba za su haɗu ba. Maganinsa a manna ɗan salatif a jikin keken daidai kwatan inci daga allura, a riƙa bin gefensa.

Hanya ta biyu ita ce ta ziri, kuma ta fi sauri idan ƙyallayen dogaye ne, kamar waɗanda ake ragewa a gefen zane ko ƙasan riga. Ana yanka ziri mai faɗin inci biyu da rabi, a haɗa uku gefe da gefe, su ba da faɗin inci shida da rabi. Sai a yayyanka wannan dogon falle inci shida da rabi, kowane yanki ya zama gida mai layi uku. Atamfa tana da faɗin wajen inci 45, don haka kowane jeri yana ba da gida shida, kuma jeri 22 sun isa bargon gida 130. Wajen shimfiɗawa akan sa gida ɗaya a tsaye, na kusa da shi a kwance, sai adon ya fito kamar saƙar tabarma. Wanda ma ba ya son yanka na biyu yana iya jera zirin yadda suke daga sama har ƙasa, kamar yadda ake jera ƙoren gwado. Abin lura ɗaya ne: idan aka ɗinka dogayen ziri duka daga gefe guda, fallen zai lanƙwashe kamar baka, don haka akan juya, wannan daga sama, na gaba daga ƙasa.

Hanya ta uku ita ta fi dacewa da abin da ake samu a buhun tela, inda da wuya a ga guntu biyu masu girma ɗaya. Ana yanka tsohon zane gida-gida, misali inci goma kowane gefe, ya zama tushe. A ɗora guntu ɗaya a tsakiyar gidan fuskarsa na kallon sama, a kifa na biyu a kansa, a ɗinke gefensu tare da tushen, a buɗe na biyun a goge, sannan a kifa na uku a kan gefensa. Haka za a yi ta yi har tushen ya rufe, sai a juya a datse abin da ya zarce. Tushen ne ke riƙe siffar gidan, saboda haka guntun wuya da na hammata da ke miƙewa ba sa yin ɓarna a nan, kuma ba a auna komai sai tushen. Ƙari a kan haka, fuskar ta riga ta zama falle biyu, wanda a sanyin Kano kan wadatar ko da ba a sa komai a tsakiya ba, shafi kawai za a ƙara. A cikin hanyoyin uku wannan ce ba ta barin ƙyalle ko ɗaya a ƙasa, kuma bargonta ya fi jure wanki.

Keken wibin

Keken wibin shi ne wanda teloli ke bin bakin yadi da shi don kada ya warware. Yana da wuƙa da ke datse gefen yadin yayin da zaruruwa ke naɗe shi. Kamfanin Merrow na jihar Konetikat a Amurka ne ya fara ƙera irinsa a shekarun 1880, ƙaramin na gida kuma ya fito daga Japan a shekarun 1960. Yana da gudu, kuma yana yanka da ɗinki a tafiya ɗaya, shi ya sa ake amfani da shi a bargon gaggawa.

Ƙananan kekunan wibin da suka fi yawa a shaguna masu zare uku ne, aikinsu rufe baki, kuma ɗinkinsu kan buɗe idan aka ja shi da ƙarfi. Mai zare huɗu, wanda ke da allura biyu, shi ne ke iya riƙe haɗin bargo shi kaɗai. Wanda yake da mai zare uku sai ya fara bi da keken ɗinki sannan ya yi wibin. Wibin yana cin zare ninki biyar ko fiye na abin da keken ɗinki ke ci, kuma ba a barin fil kusa da wuƙarsa.

Akwai hanyar da ake gama bargo duka a kan wibin, ziri bayan ziri. Ana fara da ziri uku masu faɗi ɗaya, kamar inci biyar ko shida: shafi a ƙasa fuskarsa na kallon tebur, abin tsakiya, sai na ado a sama. Domin ƙara na gaba, sai a kifa sabon zirin ado a kan na sama fuska da fuska, a sa sabon zirin shafi a ƙarƙashi shi ma fuska da fuska da tsohon shafin, a ɗora sabon abin tsakiya a can sama, a bi gefen duka shidan da wibin. Idan aka buɗe sababbin ukun suka miƙe, ɗinkin zai ɓuya a ciki, bargon kuma ya ƙaru da ziri ɗaya wanda ya riga ya haɗu da shafinsa. Amfanin wannan hanya shi ne nauyin bargon kullum yana hagun allura, ba a tura shi ta cikin keke. Sharaɗinta abin tsakiya ya zama siriri, domin falle shida masu kauri sun fi ƙarfin wuƙar. Abin da wibin ba zai iya ba shi ne ɗinki a tsakiyar falle, aikinsa a baki yake kawai.

Haɗa falle uku

Idan an gama fuskar dabam, hanya mafi sauri ita ce irin ta rigar matashi. A shimfiɗa abin tsakiya a kan tabarma ko siminti mai tsabta, a ɗora shafi fuskarsa sama, a kifa fuskar bargon a kansa. A ɗinke gefe huɗu a bar ƙofa kamar kamu biyu, a datse kusurwoyi, a juyo bargon ta ƙofar, sannan a bi bakin duka da ɗinki a rufe ta. Da wannan ba a bukatar kalmasa ko naɗa baki. Shafin bargon babba yana bukatar a haɗa faɗin atamfa biyu, na yaro kuwa yadi ɗaya da kwata ya isa.

Saura dannewa. Kafin a kai keke sai an riƙe falle ukun da fil ko da manyan ɗinkin hannu, tazarar tafin hannu, ana farawa daga tsakiya. Haƙoran keke suna jan fallen ƙasa ne, ƙafar da ke danne yadi kuma tana tura na sama, don haka idan ba a riƙe su ba za a kai ƙarshen layi a tarar na sama ya zarce. Ana rage wannan da sassauta dannewar ƙafar, da tsawaita taku zuwa takwas ko goma a inci, da sa allura lamba 16. Layin farko a bi tsakiyar bargon, sauran a riƙa fita gefe, ana naɗe rabin da ke dama kamar tabarma don ya wuce ta cikin keken. Keken ƙafa irin Butterfly ko tsohon Singer yana yin wannan aiki sarai, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta. Wanda bargonsa ya yi kaurin da keke ba zai ɗauka ba sai ya ɗaure shi: a soka zare mai kauri da babbar allura a kowace kusurwar gida, a dawo da shi sama, a ƙulla sau biyu a yanke.

A wasu ƙasashe

Kusan duk inda yadi ya yi tsada an sami irin wannan ɗinki. A Bengal ana jera tsofaffin zannuwan mata a bi su da ɗinkin hannu, ana kiransa kantha, a Sindh ta Pakistan kuma akwai ralli. Mutanen Siddi na jihar Karnataka a Indiya, waɗanda kakanninsu daga Afirka suke, suna yin nasu mai suna kawandi. A Sudan mabiya Mahadi sun sa jibba mai faci a shekarun 1880 da 1890, da farko alamar gudun duniya, daga baya ta zama kayan sojan daular. 'Yan Baye Fall na Senegal, mabiyan Shaihu Ibrahima Fall a ɗariƙar Muridiyya, har yau an san su da tufafin guntaye masu launi-launi. A 1892 wata 'yar Laberiya mai suna Martha Ann Ricks, wadda aka haifa cikin bauta a Amurka, ta kai wa Sarauniya Victoria bargon da ta ɗinka da hannunta.

A Amurka ne sana'ar ta fi bunƙasa. Matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, jikokin bayi, sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona saboda sanyi da talauci, sai ga shi a 2002 an baje su a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York. Hanyoyin gaggawa na zamani su ma daga can suka yaɗu: littafin Eleanor Burns na 1978 ya koyar da gama bargo a yini ɗaya ta hanyar ziri, a 1979 kuma kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai taya da ke yanka falle da yawa a lokaci guda.

Kasuwa da amfani

A Kano bargon ƙyalle yana gogayya da abu biyu, bargon roba mai gashi da ake shigowa da shi daga Sin, da kuma na gwanjo irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Wambai. Dukansu suna da arha idan aka kwatanta da yinin da tela zai ɓata, shi ya sa telan da ke da ɗinkin Sallah a gabansa ba zai tsaya haɗa ƙyalle ba. Aikin ya fi dacewa da matan da ke da keke a gida, da 'yan koyo da ke neman saba hannu da miƙaƙƙen ɗinki, da kuma watannin da kasuwar ɗinki ke ja baya. Ana yinsa don yaran gida, da ɗaliban makarantun kwana, da almajiran da ke kwana a zaure cikin hunturu. Ƙarami da aka yi da ragowar atamfofin lefe kan shiga kayan barka, kuma shimfiɗar gado mai ado da aka yi da atamfa da shadda ta fi bargo zalla samun mai saye.

Likitocin yara suna hana lulluɓe jaririn da bai cika shekara ba da bargo mai kauri lokacin barci, saboda yana iya rufe masa hanci, don haka na jariri shimfiɗa ce ta zama da wasa. Haka kuma bargon da ke da faiba ko atamfa roba ba a kusantar da shi ga kaskon wuta ko maganin sauro na kunnawa, domin roba idan ta kama narkewa take ta manne a fata, kuma hunturu ne lokacin da gobara ta fi yawa a gidaje. Wajen wanki ana jiƙa shi a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a tattaka maimakon a murɗe, a shanya shi a kan igiya biyu don nauyin ruwa kada ya tsinka ɗinkin, bayansa na kallon rana. Idan sanyi ya wuce a tabbatar ya bushe sarai kafin a ninke, a ajiye shi a cikin tsohuwar rigar matashi ko jakar yadi, domin leda tana riƙe laima har ya yi fumfuna kafin damina ta fita.